Damagaram: Yadda masu lalurar hannu za su iya rubutu a kwamfuta ko da babu yatsu

Dokar Jamhuriyar Nijar ta wajabta wa kowace ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai zaman kansa da ke da ma'aikata 20 zuwa sama ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikinsa ga masu buƙata ta musamman. Sai dai a yau kusan duk wani aikin ofis, daga na sakatare zuwa na mai riƙe da lissafin kuɗi, ba ya yiwuwa sai an zauna gaban kwamfuta. Mutumin da kuturta ta cinye wa yatsu, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kashe wa hannu, tambayar da ake fara yi masa tun kafin a duba takardunsa ita ce: ta yaya zai buga rubutu?

Wani ɓangare na amsar yana cikin ita kanta kwamfutar. Duk kwamfutar tebur mai aiki da Windows, sabuwa ce ko ta hannu, tana ɗauke da wasu madannai da ke fitowa a kan allo, waɗanda ake sarrafawa da linzamin kwamfuta ko da maɓalli guda ɗaya kacal. Ba a sayen su, kuma ba sa buƙatar intanet. Sun fi shekara 20 a cikin Windows, amma sai wanda ya san inda suke ne yake iya fito da su.

Mutanen da abin ya shafa

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa fiye da mutum dubu 700 ne ke da wata nakasa a Nijar, wato kashi 4.2 cikin 100 na al'ummar ƙasar a lokacin. Ƙidayar ta kuma nuna cewa jihar Damagaram ce ta fi kowace jiha yawan jama'a, da mutum sama da miliyan uku da rabi. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin 100, suna rayuwa da nakasa mai tsanani.

A birnin Damagaram, wanda shi ne babban birnin Nijar kafin Turawan Faransa su mayar da fadar mulki Yamai a 1926, batun lalurar hannu yana da tarihi. Unguwar Kara-Kara ta samo asali ne a matsayin wurin da aka keɓe kutare da sauran waɗanda gari ya ƙyamata. Wannan unguwa ce Aïcha Macky, 'yar asalin garin, ta ɗauki fim ɗinta mai suna "Zinder" wanda ya fito a 2021, inda ta nuna rayuwar matasan da suka taso a can cikin rashin aikin yi da ƙarancin karatu.

Kuturta tana warkewa, kuma tun daga 1995 ake ba da maganinta kyauta a duniya ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma maganin ƙwayar cutar yake kashewa, ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu. Wanda bai samu magani da wuri ba yakan rage da yatsu a ƙanƙame, ko dungu, ko hannun da ba ya jin zafi ko taɓi. Asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da irin waɗannan mutane.

Ba kuturta kaɗai ba ce. Akwai waɗanda hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka rasa hannu a haɗarin mota ko na kabu-kabu, da tsofaffin ma'aikata masu karkarwar hannu, da yaran da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana gaɓoɓi bin umarni. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu, da yawansu ma a shekarun neman aiki suke.

Inda madannan suke

Yawancin kwamfutocin Nijar da Faransanci suke aiki, saboda haka sunan da za a nema shi ne Clavier visuel. A masu aiki da Ingilishi, irin waɗanda ake shigowa da su daga Kano, sunansa On-Screen Keyboard.

A Windows 10 da Windows 11, idan aka danna maɓallin Windows da Ctrl da harafin O tare, madannan za su bayyana. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai Windows 7, sai a rubuta haruffa uku, osk, a wurin bincike. Shi kuwa wanda ba zai iya danna maɓalli uku a lokaci guda ba, akwai alamar sauƙaƙa amfani a can ƙasan allon da ake shigar da kalmar sirri, kuma daga nan ma ana kunna su da linzami. Ana iya saita kwamfutar ta riƙa fito da su da kanta duk lokacin da aka kunna ta, yadda mai lalura ba sai ya jira wani ya zo ya taimaka masa ba.

Abin da ke fitowa hoton madannai ne, wanda ake iya faɗaɗawa ko a matsar da shi ko'ina a kan allo. Harafin da aka zaɓa a kai yana shiga cikin takardar da ake rubutawa, tamkar da yatsa aka buga shi.

Hanyoyi uku na zaɓen harafi

A cikin zaɓuɓɓukan manhajar akwai hanyoyi uku, kowace da irin mutumin da ta dace da shi.

Ta farko ita ce a kai kibiyar linzami kan harafi a danna. Wannan ta dace da mai hannu ɗaya, ko mai dungun da zai iya tura linzami ya kuma danna shi da tafin hannu.

Ta biyu ita ce ta tsayawa. Mutum zai kai kibiyar kan harafi ya bar ta na ɗan lokaci, sai harafin ya shiga da kansa ba tare da an danna komai ba. Ana iya ƙara tsawon lokacin ko a rage shi. Wanda hannunsa ke iya motsi amma yatsunsa ba su da ƙarfin dannawa, wannan ce tasa.

Ta uku ita ce ta bi-da-bi, kuma an yi ta ne domin wanda lalurarsa ta fi tsanani. Haske yana bin rukunin haruffa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya iso rukunin da harafin da ake so yake ciki, sai mutum ya taɓa maɓalli guda, daga nan hasken ya shiga bin abin da ke cikin rukunin har ya iso kan harafin, sai a sake taɓawa. Maɓallin na iya zama dogon nan na barin fili tsakanin kalmomi, kuma da gwiwar hannu ko haɓa ko ƙafa ma ana iya taɓa shi.

Da irin wannan hanya ce masanin kimiyyar nan na Jami'ar Cambridge ta Ingila, Stephen Hawking, ya riƙa rubutu da magana bayan ya rasa muryarsa a 1985. Da farko da hannu yake danna maɓallin. Da hannun ya daina aiki, sai aka maƙala wata ƙaramar na'ura a jikin tabaransa mai gane motsin kumatunsa. A 2015 kamfanin Intel ya saki manhajar da ya ƙera masa, mai suna ACAT, kyauta ga kowa. Hawking ya rasu a 2018.

Wahalar madannan Faransa

Akwai wata matsala da ta shafi Nijar musamman. Madannan da aka fi amfani da su a ƙasar tsarin Faransa ne, wanda ake kira AZERTY. A wannan tsari, lambobin da ke layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da maɓallin Maj, wato Shift. Hatta ɗigon da ake rufe jimla da shi sai an danna maɓalli biyu. Alamar @ da ke cikin kowane adireshin imel kuwa sai an riƙe Alt Gr sannan a danna sifili.

Ga mai yatsu goma wannan ba komai ba ne. Ga mai hannu ɗaya, ko mai buga rubutu da sanda, kowace lambar waya da kowane kwanan wata aiki ne ja.

A madannan allo wannan wahala ba ta tasowa, domin idan aka taɓa Maj yakan tsaya a danne har sai an zaɓi harafi na gaba. Ana kuma iya fito da rukunin lambobi daban a gefe.

Shi ma wanda ke iya amfani da madannan tebur da yatsa ɗaya akwai abin da aka tanadar masa. Idan ya danna Maj sau biyar a jere, wani tsari mai suna Touches rémanentes zai kunnu, wanda ke ba shi damar danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya maimakon tare. Mai karkarwar hannu da harafi ke maimaita kansa idan ya taɓa shi, sai ya riƙe Maj na dama tsawon daƙiƙa takwas, tsarin Touches filtres zai kunnu ya riƙa watsi da dannawar da ba da niyya aka yi ba. Wanda kuma linzami ne yake gagararsa, tsarin Touches souris yana mayar da rukunin lambobin da ke dama su zama su ne ke tafiyar da kibiya.

Hausa da haruffanta masu ƙugiya

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan har za a riƙa rubuta Hausa a ofisoshi da makarantu, to akwai haruffa huɗu da babu su a jikin madannan AZERTY: ɓ da ɗ da ƙ da kuma ƴ, wadda ita ce ƙa'idar rubutun Nijar ta amince da ita a inda Najeriya ke rubuta 'y.

Rashin waɗannan haruffa yana canza ma'ana. Kafa daban, ƙafa daban. Haka bari da ɓari, ko daki da ɗaki.

A nan madannan allo suna amfanar har da masu cikakkiyar lafiya. Windows yana da tsarin madannai na Hausa da ake ƙarawa daga wurin saitin harshe, amma abin da aka zana a jikin maɓallan roba ba ya canzawa, sai mutum ya yi ta laluben inda harafin yake. Madannan allo kuwa suna bin harshen da aka zaɓa, su nuna kowane harafi a mazauninsa. Haka abin yake ga malamin Islamiyya ko ɗalibin Larabci da ke son buga nassi a kwamfutar da babu haruffan Larabci a jikinta. Manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, wadda ita ma kyauta ce, tana da tsare-tsare na harsunan Afirka da nata madannan allo.

Inda Hausa ta tsaya a baya shi ne wajen hasashen kalma. Madannan allo na Windows suna iya kawo wa mutum jerin kalmomi da zarar ya rubuta haruffan farko, ya zaɓi wadda yake nufi, abin da ke rage yawan dannawa ƙwarai. Kamfanin Microsoft ya lissafa Ingilishi da Faransanci da Italiyanci da Jamusanci da Sifaniyanci a matsayin harsunan da wannan ke aiki da su. Ke nan mai lalurar hannu a Damagaram zai fi saurin rubuta wasiƙa da Faransanci fiye da harshen da ya tashi da shi, domin a Hausa sai ya bi kowane harafi ɗaya-ɗaya.

Abin da ba za su iya ba

Madannan allo ba maganin kowace lalura ba ne. Makaho ba shi da abin yi da su, tunda sai an gani ake zaɓa. Abin da makaho ke buƙata shi ne madannan tebur na ainihi da manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya. Windows yana da tasa mai suna Narrateur. Akwai kuma NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya haɗu da shi, kuma har yau kyauta ake sauke ta. Mai raunin gani kuwa, danna maɓallin Windows da alamar tarawa yana ƙara girman duk abin da ke kan allo. Wanda zai sayi kaya ko ya shirya horo domin nakasassu ya kamata ya fara tambayar irin lalurar da kowannensu yake da ita.

Sai kuma jinkiri. Zaɓen harafi da kibiya ba zai kamo mai yatsu goma ba, hanyar bi-da-bi kuma ta fi kowace nawa. Shi kansa Hawking akwai lokacin da kalma ɗaya ko biyu yake iya rubutawa a minti guda. A shagon intanet da ake biya gwargwadon lokacin da aka zauna, ma'anar wannan ita ce mai lalura zai biya ninkin abin da mai lafiya zai biya a kan takarda ɗaya. A jarrabawar ɗaukar aiki da ake auna saurin rubutu kuwa, idan ba a ƙara masa lokaci ba, ya faɗi tun kafin a fara.

Akwai batun sirri. Duk harafin da aka zaɓa a kan allo, na kusa yana ganinsa. Mai shigar da kalmar sirrinsa a wurin da jama'a suke yana buƙatar kujerar da allonta ba ya fuskantar mutane.

Wuta ma tana cikin lissafi. Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna samun wutar lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, wanda Najeriya ta yanke a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a kuma maido ba sai a watan Maris na 2024. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Idan wuta ta ɗauke, wanda ya shafe sa'a guda yana harhaɗa shafi ɗaya asararsa ta fi ta wanda zai sake buga shi cikin minti goma. Manhajar Word tana ajiye kwafin gaggawa duk bayan minti 10, amma ana iya mayar da shi minti ɗaya.

Kayan da za a iya haɗawa a gida

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce fiye da mutum biliyan biyu da rabi ne ke buƙatar wani abin taimako, kamar keken guragu ko tabarau ko na'urar ji, kuma kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba sa samu. A wasu ƙasashe matalauta, kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu buƙata ke samu.

Na'urorin da ke bin motsin ido suna da tsada. Windows 10 ya fara karɓar su tun 2017, amma sai an sayi na'urar daban daga waje. Akwai hanyoyin da ba su kai haka kuɗi ba. Manhajar Camera Mouse, wadda malaman Boston College ta Amurka suka ƙirƙira aka kuma sake ta kyauta a 2007, tana amfani da ƙaramar kyamarar kwamfuta ta bi motsin kan mutum ta tafiyar da kibiya. Idan aka haɗa ta da hanyar tsayawa ta madannan allo, mutum zai yi rubutu ba tare da hannu ko ɗaya ba. Akwai kuma linzami mai ƙwallo a sama, wanda ba a jan sa a kan tebur, sai dai a murza ƙwallon da dungu ko da ƙafa.

Wasu kayan ma ba sai an yo odarsu ba. Masu gyaran gaɓoɓi a duniya suna amfani da wani ɗan maɗauri da ake zagaya tafin hannu da shi, mai aljihun da ake soka sanda ko fensir, domin wanda ba ya iya riƙo ya samu abin danna maɓalli. Damagaram gari ne da ya yi suna a dukanci, kuma wannan bai fi ƙarfin baduku ba idan an nuna masa samfuri. Kafinta ma zai iya yanka siririn katako mai ramuka daidai da maɓallai a ɗora a kan madannai, yadda mai karkarwa zai kwantar da hannunsa a kai ya zura yatsa cikin ramin da yake so kaɗai.

Sai dai ga wanda kuturta ta taɓa, akwai hattara. Hannun da ba ya jin zafi yana iya yin rauni mai shi bai sani ba. Duk abin da za a ɗaura masa ya zama mai laushi, a riƙa duba fatar bayan an cire, a kuma nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin a fara.

Wa ya kamata ya ɗauki nauyi?

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci fasahar sadarwa da bayanai a cikin abubuwan da ƙasa za ta tabbatar nakasassu sun samu daidai da kowa, kamar yadda ya ambaci gine-gine da sufuri. A watan Disambar 2019 kuma ƙasar ta yi sabuwar doka kan shigar da nakasassu cikin harkokin rayuwa.

Idan ana maganar sauƙaƙa wa nakasassu, abin da aka fi tunawa shi ne gangaren siminti a ƙofar ofis domin keken guragu. Mutumin da ya shiga ofishin ta wannan gangare yana buƙatar ya iya aiki da abin da ke kan teburin.

Wuraren da za a fara ba ɓoyayyu ba ne. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram tana yaye ɗalibai da za su riƙe ofisoshin jihar. Cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke cikin gari suna koyar da Word da Excel, kuma ƙara darasin sa'a ɗaya kan waɗannan saituka ba zai ci musu ko dala ba. Masu gyaran kwamfuta da ke ɗora Windows a kan injinan da aka sayo na hannu su ne suka fi kowa haɗuwa da masu saye. Tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta Nijar, FNPH, tana da hanyar isa ga mambobinta. A garuruwan Hausa kuma akwai tsohon tsari na Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suka san mutanensu gida-gida.

Kowace shekara Nijar tana bikin ranar nakasassu ta ƙasa a 31 ga Yuli, duniya kuma tana yin tata a 3 ga Disamba. Kwamfuta ɗaya da mutum ɗaya da ya san waɗannan saituka sun isa a nuna wa duk wanda ya halarci irin wannan taro yadda zai rubuta sunansa da kansa, ya kuma gwada hanyoyin uku ya ga wadda ta dace da hannunsa.